Jan Biron Edita da Labarin Tom Wills

A shekarata ta farko a sashen wasanni na wani gidan rediyo, aka ce in shirya ɗan tarihin ƙwallon Ostireliya, wadda ake bugawa da hannu da ƙafa a fili mai siffar ƙwai. Na ga ana yi wa wani H. C. A. Harrison kirari da "uban ƙwallo", sai kawai na rubuta cewa shi ya ƙirƙiro wasan. Editanmu, dattijo mai jan biro, ya karanta ya ɗago kai: "Ɗana, laƙabi ka kawo mini. Ina ranar?"

Na koma ina jin kunya. Ashe ranar 17 ga Mayun 1859, da aka zauna a otal ɗin Parade na Melbourne aka rubuta dokoki goma na farko, babu Harrison a wurin. Ɗan'uwansa Tom Wills ne yake wurin. Shi Wills gwanin kurket ne da ya yi karatu a makarantar Rugby a Ingila, kuma tun Yulin 1858 ya aika wa jarida wasiƙa yana neman a kafa kulob na ƙwallo don kada jikin 'yan kurket ya mutu da hunturu. Harrison ya yi wa wasan hidima daga baya, ya kuma rayu har 1929. Wanda ya daɗe a duniya, shi ake zuwa tambaya.

Wills kuwa bai samu wannan ba. A 1861 aka kashe mahaifinsa da mutum 18 a Queensland, shi ya tsira don yana kan tafiya. A 1866 ya horar da tawagar kurket ta 'yan asalin ƙasar. Giya ta cinye shi, ya kashe kansa a 1880 yana da shekara 44, kabarinsa ya zauna babu alama har 1980.

Tausayi ya ɗebe ni, na sake rubutawa na mai da shi gwarzo ɗaya tilo da aka danne wa haƙƙi. Jan biron ya sake sauka. "Jiya ka naɗa wancan, yau ka naɗa wannan. Mutum nawa ne a ɗakin?" Da shirin ya fita, minti uku ne kacal, kuma sunaye huɗu na karanta, na waɗanda suka rubuta dokokin: Wills, Hammersley, Thompson da Smith.