Laraba: rana guda a kan ƙarfen kyamara guda ɗaya

Da safe komai lafiya lau. Kunun gyaɗa da ƙosai, wuta ta zauna har ƙarfe goma na caje batura duka, su Hajiya suka ga hotunan suna suka ce sun yi kyau, har da ɗan ihisani a kan kuɗin aiki. Sai na ce to yau zan kashe matsalar nan kafin bikin Asabar.

Kun san ta, na sha mitarta a nan. Tun da na ɗaura wa kyamarata Canon 5D Mark III gidan batir, wato BG-E11 da ake ɗaurawa a ƙasanta don ta ci batura biyu, ɗaukar hoto da kyamara a juye ta tsaye bisa tirayifod, abin ɗora kyamara mai ƙafa uku, ya zama azaba. In na kwantar da kan tirayifod ɗin gefe, nauyin kyamara da batura biyu da lensi duk sai ya rataya waje guda, ga shi sukuru ɗaya tak ke riƙe da farantin ƙasa mai haɗa kyamara da tirayifod. Bakin lensi ya dinga sunkuyawa a hankali. Ka saita fuskar amarya, kafin ƙawaye su gama gyara mata mayafi, ka leƙa ka tarar da takalmanta. Maganinsa ƙarfen nan mai siffar L da ke kama ƙasan kyamara da gefenta. In kana son tsaye sai ka zare ta ka kafa ta a kan gefen, nauyi ya zauna daidai tsakiyar ƙafafu.

Abokina na layin baya yana da ɗaya. Na jikin kyamara ne zalla, ba a ƙera shi don gidan batir ba. Bai zauna ba.

A shago, yaron ya rantse nasu "yana shiga kowace iri". Ya shiga kam, sai dai hannun gefen ya toshe ƙofar da ake zaro aljihun batura ta hagu. Ke nan duk sanda batir ya mutu sai na nemo alanki na kwance ƙarfen, a tsakiyar dina, ana liƙi. Ba shi ma da ɗan leɓen nan da ke hana kyamara juyawa. Kuma ƙasansa irin na Arca-Swiss ne, mai faɗin kusan milimita 38, alhali kan tirayifod ɗina Manfrotto ne mai maƙali irin RC2. Ba sa ga maciji da juna. Sayen ƙarfe ɗaya ya haifi sayen sabon maƙali.

Daga nan na wuce wajen Oga, tsohon hannu a ɗaukar hoto, don dai ya duba min na intanet da aka yi musamman don BG-E11. Na same shi a bakin situdiyo yana goge tsohuwar Nikon ɗinsa da gefen rawani. Ya karɓi kyamarata bai ce komai ba. Ya riƙe gidan batir da hannu ɗaya, jikin kyamara da ɗayan, ya ɗan murɗa. Wallahi na ga ta motsa. Kaɗan ne, amma ta motsa.

"Ka gani? Ko na kamfanin Really Right Stuff ka sayo daga Amurka, gidan batir zai kama, ba kyamara ba. Shi kuma gidan, sukuru ɗaya ne ya haɗa shi da ita. Rawar tana nan a tsakaninsu."

Na ce, "To Oga yaya za a yi?"

"Cire shi. In za ka hau tirayifod, cire shi ka mayar da murfin batir. In lensin nan 70-200 ka sa, ai tana da zobenta, nan ake ɗaurewa, ka juya kyamara yadda kake so. Meye na ƙarfe?"

Na ce masa hoton dangi da lensi 24-70 nake ɗauka, ita kuma ba ta da zobe. Na ce batura biyu na kai ni ƙarshen dina ba tare da fargaba ba, in ma ta ɓaci ɗaya aljihun gidan batir ɗin yana cin ƙananan batura shida na shago. Na ce ga maɓallin ɗauka na gefe, ba sai na murɗe hannu kamar mai tatsar nono a tsaye ba. Duk gaskiya na faɗa. Yana ji yana gyaɗa kai, sai da na gama ya miƙo min kyamarar.

"Ko dai don mutanen biki su ga babbar kyamara ne?"

Ya yi dariya, yaran situdiyo suka taya shi. Ni ma na yi.

Amma tun a adaidaita maganar take cina. Oga ya yi zamaninsa lokacin da mai hoto ɗaya ne a gidan biki, in ya ce a tsaya kowa ya tsaya. Ni yanzu in na ɗaga kyamara, wayoyi sun fi ashirin a bayana, wasu ma a gabana. Bai ji abin da gwaggon wata amarya ta ce min bara ba, lokacin ban sa gidan batir ba: "Da wannan 'yar abar za ka ɗauke mu, muka biya kuɗin nan?" Tun da na ɗaura shi ba wanda ya sake tambayata haka. Hoton bai canza ba ko kaɗan, ni na sani, shi ma ya sani. To in girman kyamara ne ke sa a ba ka hanya a cikin taro, kuma a biya ka ba ja-in-ja, wannan ba kayan aiki ba ne? Me ya sa ya faɗe shi kamar wani abin kunya, a gaban yara?

Ban ci tuwon dare sosai ba. Umma ta tambaya, na ce gajiya ce.

Na duba na intanet ɗin. Akwai mai rami a gefe don aljihun batir ya fita, akwai kuma sarari na wayoyin gefen hagu. Ko yau na biya ba zai iso kafin Asabar ba, ga kuɗin maƙalin Arca a kai. Ranar dai da tsohon faranti zan je, in ɗaure shi tamau, in tsaya kusa da tirayifod ina tallafe da lensi.

Yayar amarya ta turo saƙo ƙarfe goma sha ɗaya, wai a rage musu wani abu tunda an soke kamu. Gobe na amsa mata.