Murhu mai tsimin itace: yadda muke awo a shagonmu

Sana'ata ƙera murhu mai tsimin itace da gawayi a nan cikin garin Bauchi, ni da yarana masu walda da wata baiwar Allah da take gina mana yumɓun da muke sawa a ciki. Yankan ƙarfe da walda ba su ne ke cin rai ba, kowane maƙeri zai iya. Awon ne aiki, wato in na ce wa mace murhun nan zai rage miki itace, to da nawa, kuma da me na sani?

Akwai gwajin tafasa ruwa da masu wannan harka ke yi a ko'ina a duniya. Ruwa lita 5 a tukunya, a ɗora itacen a sikeli tukuna, a hura wuta murhu yana da sanyi har ruwan ya tafasa, a sake da sabon ruwa murhun na da zafi, sannan a rage wuta a bar shi yana tafasa a hankali minti 45 kamar mai dafa wake. Ana gamawa sai a zaro sauran itacen a kashe a auna, garwashin ma a kwashe a kwano a auna shi daban don shi ma ƙarfin wuta ne da bai ƙone ba, a duba ruwa nawa ya tafi a tururi. Daga nan ake lissafa kashi nawa na zafin itacen ya shiga tukunya. Murhun duwatsu uku yawanci 10 zuwa 15 ne cikin 100, sauran duk iska ke kwashewa. Kuma a nan Bauchi ruwa ba ya jiran digiri 100, wajen 98 yake tafasa saboda muna kan tudu, wanda ya sa 100 a lissafi tun daga nan ya kauce.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake haɗa abu biyu a talla, ingancin murhu, wato kashin zafin da ke shiga tukunya, daban, ragin itace daban. In duwatsu uku na ba da 15 naka na ba da 30 toh rabin itace ka rage, shikenan, ba sai ka ƙara gishiri ba. Amma sai ka ga an liƙa babbar lamba a kwali ba a faɗi da wane itace aka gwada ba, marke ne busasshe ko ɗanyen maina, da rani ne ko da damina lokacin da itace ya sha laima, tukunyar da murfi ko babu, a ɗaki ne ko a tsakar gida iskar hunturu na kaɗa wutar gefe. Duk waɗannan suna canza lamba wallahi.

Shi ya sa ba na tsayawa a kan ruwa, ruwa ai ba a tuƙa shi. Akwai wata Hajiya mai masa da muke kai wa sabon samfuri, ita ce ta ce min “ɗana, wutar nan tsakiya kawai take ci”, na duba kuwa, masar tsakiyar tanda ta yi baƙi ta gefe ko tashi ba ta yi ba, alhali a gwajin ruwa murhun ya yi kyau. Sai da muka faɗaɗa bakin. Haka tuwo, in murhu na rawa a ƙarƙashin muciya ba macen da za ta riƙe shi ko da bai cin itace. Muna kuma bin gidaje da sikelin rataye, a auna itacen gida kullum na aƙalla kwana 3 kafin murhun ya shigo da bayan ya shigo, a nan za ka ga ranar suna ko an yi baƙi an koma duwatsu uku saboda babbar tukunya, kuma dole a rubuta hakan, musamman masu neman kuɗin kabon, wato kuɗin da ake biya don rage iskar da ke ɗumama duniya, don da wannan rahoton ake biyansu.

Hayaƙi kam ba mu da na'urar auna shi. Ƙa'idar gwajin murhu ta ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 19867 ta 2018 ita ce ake bi a ɗakin gwaji, ana kuma sa murhu a mataki daga 0 zuwa 5, irin wannan sai an kai cibiyar binciken makamashi kamar ta Nsukka, kuɗin mota kaɗai ya ishi ƙaramin shago. Don haka takardar da muke ba ƙungiyoyi masu saye da yawa ba ma sa komai a kan hayaƙi, muna rubuta irin itacen, watan da aka yi gwajin, girman tukunya, da sakamakon gwaji uku kowanne daban, har da wanda ya fi ƙasa.