Kada ku fara da ƙirga tagogi

Kuskuren da ya fi cinye mini shekaru a zanen wuraren taruwar jama'a shi ne zaton cewa in na kwashe komai na zuba a takarda, wurin zai fito da kansa. Tagogin bene, fitilun rufin tasha, rubutun jikin allo, ba na barin ko ɗaya. Zanen yakan yi daidai, amma mai kallo ba ya iya cewa safiya ce ko yamma, mutanen sauri suke yi ko jira ya gundure su. An bar jaki ana dukan taiki. Ƙannena masu fara wannan aiki, yanayin wuri yana cikin yadda haske da duhu suka raba shi, da yadda mutane suka zauna a cikinsa. Tagogi suna iya jira.

In kun isa, kada ku buɗe littafi tukuna. Ku sami inda bayanku zai jingina da bango, ku yi minti biyar kuna kallo. Sannan a gefen shafi ku rubuta lokaci da kalmomi uku kan abin da wurin ya sa ku ji, kamar “cunkoso, zafi, ƙagauta” ko “fili, sanyi, tsit”. Na daɗe ina raina wannan, ina ganin aikin marubuta ne. Amma bayan rabin awa hannu yakan bi duk abin da ya ja ido, kuma waɗannan kalmomi ne ke tuna muku abin da kuka zauna zanawa. Duk abin da bai taimake su ba, ku bar shi.

Daga nan sai ƙaramin gwaji: ku zana akwati a takarda wanda bai wuce santimita 5 da 7 ba. Ku ƙanƙance idanu har ƙananan abubuwa su ɓace, ku ga wurin ya koma manyan ɓangarori. Ku cika akwatin da mataki uku kawai: farin takarda, toka-toka, da baƙi. Minti biyu ya isa. Ku yi biyu ko uku, kuna sauya rabon. In duhu ya ci kashi biyu cikin uku kuma haske ya tsaya wuri ɗaya, zanen zai yi nauyi, ya jawo ido ciki. In fari ya rinjaya kuma baƙi ya zama ɗigo-ɗigo, za a ji sarari da iska. Abin da ke kashe zane shi ne ukun su zo daidai wa daida, ko komai ya tsaya a toka-toka. Wannan na biyun yawanci laifin fensir ne. Fensir na yau da kullum mai lambar HB ba ya kaiwa baƙi, in kun danna shi sai ya yi ƙyalli ya kwarzane takarda. Ku riƙe fensir mai laushi, 2B don tsari, 6B da ya fi shi baƙi ko gawayi don duhu, ku shimfiɗa wata takarda ƙarƙashin hannu kada ya shafe aikin.

Tun ran gini ran zane: inuwa a farko ake kama ta. Rana na gusawa digiri 15 a kowace awa, don haka inuwar da kuka gani da fara aiki ba ita ce bayan minti 40 ba. Na sha bin ta tana tafiya, sai zane ya ƙare da rana biyu, bango na cewa hantsi, ƙasa na cewa azahar. Ku shata iyakar dukkan inuwoyi cikin minti biyar na farko, ku tsaya a kansu ko da gari ya sauya.

Mutane kuwa, nan ne aka fi faɗuwa, kuma layi ɗaya ke gyara rabin matsalar. Ku ja layi siriri a kwance daidai tsayin idonku. In kuna tsaye a ƙasa mai baje, kawunan manya masu kusan tsayinku duk za su faɗo kan wannan layi, na kusa da na nesa. Ƙafafunsu ne ke hawa sama a takarda gwargwadon nisansu. In a kujera kuke, layin zai ratsa masu tsayuwa ta wajen ƙirji. Wanda bai san wannan ba yakan ɗaga kan na nesa, sai jama'a su zama kamar suna hawa tudu ko suna shawagi. Kuma zaɓin layin kansa magana ce. Ku zauna ƙasa, gini ya danne mutum. Ku hau bene, taro ya koma tururuwa, mai kallo ya zama baƙo mai leƙe.

Kada ku jira wani ya tsaya muku, ba zai tsaya ba. Daƙiƙa 15 zuwa 30 ga kowane mutum: karkatar kafaɗa, lanƙwasar baya, ƙafar da ta ɗauki nauyi. In ya tafi kafin ku gama, ku ari ƙafafun na bayansa. Kai ya zama kamar ɗaya bisa bakwai na tsayin jiki, domin hannun ɗan koyo kullum ƙara wa kai girma yake yi, sai manya su fito kamar yara. Wanda ya wuce mita 25, ba a karanta fuskarsa ko a zahiri, to kada ku sa masa ido da baki. Wannan ma yana raba ku da ƙura wa mutane ido, abin da ba kowa ke so ba.

Abin da na fi jinkirin ganewa shi ne tazarar da ke tsakaninsu. Masanin halayyar al'umma ɗan Amurka, Edward Hall, ya nuna a shekarun 1960 cewa ƙasa da santimita 45 tazarar makusanta ce, daga mita 1.2 zuwa 3.6 kuwa ta mu'amalar waɗanda ba su shaƙu ba, ko da yake ya ce abin yana bambanta daga al'umma zuwa al'umma. Ku duba benci a ɗakin jira: mutum biyu, kowa a ƙarshensa, kujeru uku babu kowa a tsakani. Wannan giɓin shi ne zanen. In kuka jera mutane da tazara iri ɗaya kamar shinge, kun goge labarin. Ku tara uku su haɗe su zama dunƙule ɗaya, ku ware ɗaya can shi kaɗai.

Hannu ma yana da murya. Gajerun layuka masu karo da juna suna kawo hayaniya, dogaye a kwance suna kwantar da wuri. Abu na nesa a rage masa duhu da kaifin gefe, saboda iskar da ke tsakani tana dusashe shi. Masu son fentin ruwa su nemi takarda mai kauri, mai nauyin giram 300 a murabba'in mita, mara nauyi takan kumbura ta tara ruwa a kwari. Su tabbata tawadar alƙalaminsu ba ta narkewa, su tsaya kan launi uku, domin in aka cakuɗa fiye da haka laka ake samu.

In kun gama, ku rufe lokacin da kalmomin nan uku da yatsa, ku nuna wa wanda bai je wurin ba, ku tambaye shi ƙarfe nawa ne a zanen, kuma zai so zama a nan? In amsarsa ta kauce, ku koma kan ƙaramin akwatin nan ku sake rabon haske da duhu kafin ku taɓa babban shafi.