Madacin da na shuka a bayan gari

Ni kafinta ne a Katsina, kuma katakon kirki duk daga kudu ake kawo mana shi, daga dazuzzukan Ondo da Edo. Kullum kuɗinsa ƙara tashi yake. Shi ya sa wata shekara na roƙi wani direban babbar mota ya taho mini da dashen loko, wanda Yarbawa ke kira iroko, guda 20. Na haɗa da madaci 40 na shuka a wata 'yar gona da na gada, kusa da fadama.

Loko bai ga damina ta biyu ba. Itacen kurmi ne, ya saba da inda ruwa kan kai milimita 2,000 a shekara, mu kuwa namu bai cika wuce 600 zuwa 700 ba, daga Yuni zuwa Satumba. Na yi ta ban ruwa, amma da hunturu ya busa sai ganye ya ƙone. Wanda ya rage gara ta cinye saiwarsa. Har yau abin yana mini ciwo.

Madaci kuwa ya kama, don ɗan gida ne, kuma ɗan'uwan mahogani ne na kudu. Ina cikin murna sai na ga kan wasu ya yanƙwane ya yi baƙi, ga wani gari kamar na zarto haɗe da ƙaro a jikin tohon. Na kira wani dattijo, tsohon malamin daji a unguwarmu. Ya tsaga tohon da farce, sai ga tsutsa a ciki. Ya ce, "Ɗana, wannan ita ce abokiyar gabanka. Wani ƙwaro mai tashi da dare ke yin ƙwai a sabon toho, tsutsar ta huda ta shige. Ba ta kashe itace, amma za ta sa ya yi rassa tun yana ƙasa."

Nan na gane asarar. Mai neman inuwa ba ruwansa da rassa, amma kafinta gungume miƙaƙƙe yake so. Feshin magani bai yi mini komai ba, don tsutsar tana can cikin ɓargo. Abin da ya yi aiki shi ne zagaye duk mako da damina: in yanke kan da ya kamu in ƙone shi, in ya sake toho in bar guda ɗaya mafi ƙarfi, in cire sauran. Na kuma lura waɗanda ke gefen bedi, masu samun 'yar inuwa, ba su kamu sosai ba, don haka dashen baya na cakuɗa su da wasu itatuwa. Gara kuwa, toka da dakakken ganyen bedi nake zubawa a gindi, ina kwashe busassun karare.

Awaki na kare su da shingen ƙaya. Mutane ne suka fi wuya. Da rani makiyaya kan sassare ganyen madaci su ba shanu, masu neman maganin ciwon ciki kuma su sassaƙe ɓawo. Biyu na rasa saboda an zagaye su da sassaƙa. Yanzu duk wanda ya zo nakan ce, "Malam, don Allah ɗebi gefe guda, kada ka zagaye," in nuna masa wanda ya karkace.

Saura 23 a tsaye, 9 daga ciki miƙaƙƙu sambal. Ba na jin ni zan sa musu zarto. Babban ɗana nake tafiya da shi yanzu, shi ke riƙe almakashin.