Magungunan Baba da na juye a salga

Har yau in na wuce bakin rijiyarmu sai gabana ya faɗi. Bayan sadakar arba'in ɗin Baba, Allah ya jiƙanshi, ni aka bar wa gyaran ɗakinshi, na tarar da kwali guda cike da magani, na hawan jini, na ciwon suga, amoksisilin, siron tari kwalba huɗu, wasu ma tun 2021 kwanansu ya ƙare. Tsorona ɗaya ne, kada yaran gida su ɗauka su zata alawa ce. Sai na zauna na ɓare ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya cikin kwano, na tuttule siron a kai, na je salga na juye, wallahi har ina jin na yi dabara.

Gidanmu can gangare yake wajen gulbi, inda ruwa ke kusa, da damina igiyar guga ba ta wuce gaba huɗu. Wannan ko kaɗan bai faɗo mini a rai ba.

Kwana biyu sai ga Yaya, ita ke aiki a likita. Da na gaya mata ta yi shiru, ta tashi ta auna daga salga zuwa rijiya da ƙafarta, taku goma sha huɗu. Ta ce "ke ƙanwata, mi ya kai ki? Ai ko ba magani, ya kamata a ce akwai mita 30 tsakaninsu." Na ce to Yaya sai mu zuba jabel mu riƙa tafasawa. Ta ce jabel ƙwayar cuta yake kashewa, ba ya fidda magani daga ruwa, tafasawa ma haka. Nan jikina ya mutu.

Amoksisilin ɗin ya fi tsaya mata. Ta ce irin wannan magani in ya shiga ruwa da ƙasa kaɗan-kaɗan, ƙwayoyin cuta sabawa suke da shi har su daina jin shi, ranar da yaro ya kamu da ciwon huhu a ba shi ya ƙi aiki. A 2019 kaɗai mutum sama da miliyan 1 suka mutu a duniya sanadin wannan ƙin jin magani. Kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ya san katanga, maƙwabtanmu ma shi suke ja. Wannan ne ya hana ni barci, ni da hannuna, don kawai ban tambaya ba.

Ba wanda ya kwanta, alhamdulillahi, amma mun bar shan rijiyar, sai wanki da yayyafin tsakar gida. Ruwan sha wajen ƴan ga-ruwa muke saye kullum, kuɗin da ba mu shirya ba.

Daga baya na tsinci wata ledar magani a ƙasan akwatinshi. Ita kam ban ɓare ko ɗaya ba, na kai wa majo, wato babban ma'aikacin jinya na likitar unguwa, da kwalinsu, ya karɓa ya haɗa da sharar da suke ƙonawa a murhunsu na musamman. Ku fara da nan ko farmasi, ku tambaya. In ba a karɓa ba, Yaya ta ce kar a daka ƙwayar, a cakuɗa da toka ko ganyen shayin da aka gama dafawa, a ɗura a jarka a rufe gam, a kai juji mai nisa da rijiya da hanyar ruwa. Ban da kwata, ban da salga, don kwatar Maradi in an yi ruwa gulbi take gangarawa. Abin shaƙar masu asma kuma kar a jefa shi wuta, fashewa yake. Allura a sa ta a kwalbar roba mai kauri mai murfi.

Salgar kam mun yanke shawarar cike ta, sabuwa za a gina can ƙarshen gida bayan damina, in an sayar da gyaɗa.