Ƙafa da ciki: shawara ga mai zuwa gidajen zane na Turai

Ƙannena masu shirin tafiya Turai, karatu ne ya kai ku ko taro ko ziyara, ku sani gidan adana zane-zane ba a gama shi a yini ɗaya. Louvre da ke Paris kaɗai yana da kaya kusan 35,000 a baje. Ni na shiga da sassafe, ban karya da komai ba sai ruwan shayi, na karɓi taswira na ɗaura niyyar sai na ga ƙarshensa. Kafin azahar ƙafafuna sun yi tsami, ido ya gaji, ina wuce zanen da wani ya shekara yana yi kamar mai wuce allon talla a bakin titi. Da dare na buɗe waya, ga hotuna birjik, amma babu ɗaya da zan ce na tsaya na kalla.

Don haka ku zaɓi ɗaki biyu ko uku tun daga masauki, ku ci ku ƙoshi, sannan ku shiga. Mona Lisa, shahararren zanen wata mata da ke Louvre, kowa wurinta yake nufa, ku ma ku je, ba laifi. Sai dai ƙarama ce, tsawonta santimita 77, faɗinta 53, tana bayan gilashi, kuma tsakaninku da ita dandazon masu ɗaga waya ne. In kun gan ta, ku juya baya. A bangon da ke fuskantarta akwai zanen bikin auren Kana na Veronese, wanda ya fi kowane zane girma a gidan, faɗinsa ya kusa mita 10. Mutum fiye da ɗari ne a ciki, ga makaɗa a tsakiya, ga masu rabon abinci, har da karnuka. Sojojin Napoleon ne suka kwaso shi daga Venice a 1797. Ni na tsaya a ɗakin na ba shi baya, na fita ban san da shi ba.

Wurin da na fi jin takaicin tsallakewa shi ne sashen fasahar Musulunci da aka buɗe a 2012. A can akwai wani daro na tagulla da aka yi wa ado da azurfa da zinare a zamanin Mamalik na Masar da Sham, maƙerin, Muhammad ibn al-Zayn, ya sa sunansa a jiki. Daga baya da shi aka riƙa yi wa 'ya'yan sarautar Faransa baftisma. Wannan kaɗai ya isa mutum ya ba shi rabin awa, kuma ba cunkoso.

Ku kula da ranaku: Louvre a rufe yake ran Talata, Orsay, wani gidan zane a Paris, kuwa ran Litinin. Ku sayi tikiti ta intanet. A Madrid, gidan Prado kyauta ne a awa biyun ƙarshe na yini, in za ku iya jure layi, kuma awa biyun sun isa a ga zanen Las Meninas na Velázquez, na 1656, da zanen Goya.

Kuskurena na biyu a wajen abinci yake. Tsoron naman alade ya sa na yi ta fama da burodi, shawarma da soyayyen dankali, har na bar Faransa ban san ɗanɗanon girkinsu ba. Tsoron yana da dalili. A Madrid na ce wa mai kawo abinci ba na cin nama, sai ga farantin wake an barbaɗa masa gutsattsarin jamón, wato busasshen naman alade, shi a wurinsa wannan kayan ɗanɗano ne. A Faransa kuma sukan zuba lardons, wato 'yan gutsattsarin naman alade, a cikin salak, kuma miya da yawa da giya ake haɗa ta. Maganin dai a riƙe sunayen abin da ake gudu, wato naman alade, kitsensa da giya: porc, jambon, lardons da vin a Faransanci, cerdo, jamón, chorizo, manteca da vino a Sifaniyanci. Ku rubuta a waya ku nuna, ku ambace su ɗaya bayan ɗaya. Ba abin kunya ba ne, sun saba.

Da na yi haka sai ƙofa ta buɗe. Tortilla ta Sifaniya ƙwai ce da dankalin turawa da man zaitun, wasu da albasa. Gazpacho miyar tumatir ce da ake sha da sanyinta, wadda da farko na raina, zafin Madrid ya sa na ba ta haƙuri. Ga gasasshen kifi, ga shinkafar paella ta kayan teku.

Lokaci ma abin lura ne. Mutanen Madrid sai wajen ƙarfe 2 suke cin na rana, na dare kuwa sai 9 ta gabato. Wanda ya nemi abinci ƙarfe 6 na yamma, yawanci gidan da aka buɗe don baƙi zai faɗa, mai hotunan abinci a ƙofa da tsada. Ku matsa layi biyu ko uku daga bakin gidan zanen, ku nemi inda ma'aikata ke cin menú del día, abinci kashi biyu da kayan zaƙi a farashi ɗaya. A Paris kada ku sayi ruwan roba a gidan abinci, ku ce a ba ku carafe d'eau, kyauta ne.

In lokacin salla ya riske ku a Paris, Babban Masallacin da aka buɗe a 1926 yana da wurin shan shayin na'ana'a da gidan abinci a jikinsa. A Madrid kuma, in kun fito daga gidan zane na Reina Sofía inda zanen Guernica na Picasso yake, unguwar Lavapiés na nan kusa, da ƙafa ake zuwa, kuma akwai gidajen abincin 'yan Senegal da 'yan Bangladesh ga wanda ya yi kewar shinkafa da yaji.