Shugabar sashenmu

Yau da hantsi aka kawo mana waɗanda suka yi hatsarin mota, daidai lokacin da shugabar sashenmu na gaggawa za ta tafi taro kan kuɗin iskar oksijin. Ta ajiye fayil, ta sa safar hannu. Maimakon ta karɓi aikin, sai ta tura wani ƙaramin likita gaba, ta tsaya bayansa. Hannunsa na rawa wajen sa bututun numfashi, ta ce a hankali, "Likita, natsu. Ɗaga kaɗan." Bututu ya shiga. Ta ɗauki fayil ɗinta ta wuce taro.

Abin ya tsaya min a rai. Fannin nan na likitancin gaggawa sabo ne, ko a Amurka sai 1979 aka amince da shi, Kumasi kuwa 2009 suka fara horar da ƙwararrunsa. Masu iya haɗa koyarwa da bincike da rigimar kasafi da tsayuwa kan mara lafiya irinta ƙalilan ne, ga matasanmu kowa hankalinsa ya yi ƙasar waje. Wa'adinta ya kusa cika, kuma wallahi har yanzu ban ga wanda muke shiryawa ya gaje ta ba.